Albasar Aili

Shebur mai yatsu ya shige ƙasa da wani ɗan ƙara, ƙus, sai warin albasa ya taso ya doki hancina. Ban ma sunkuya na duba ba, na san na sake yin ɓarna. Ta bayana na ji ana ƙwanƙwasa gilashin taga da cokali.

"Kin sare ta," in ji Arvo. Da ƙyar muryarsa ke fitowa ta 'yar kafar da aka bari a tagar, amma faɗan yana nan daram. "Har kan gadon nan nake jin warin. Lorna, dankali kike haƙa ne?"

"Da dankali ne da tuni na gama na koma gidana. Kai ka ce nan."

"Na ce ki matsa hagu."

"Hagunka ko haguna?"

Tari ne ya amsa mini. Na zaro albasar daga yatsan shebur ɗin, ƙatuwa kamar dunƙulen hannuna, fara sol, ta huje daga gefe zuwa gefe. Wadda aka huda ba ta rayuwa, ruɓewa take yi a ƙasa. Na jefa ta a bokiti kan 'yan'uwanta da na kashe jiya, na dafa ƙugu na miƙe a hankali, gwiwoyina suna ƙara. Na haura sittin. Tun da sassafe na yi wa mijina wanka, na je na tsaya a kantin cefane ina sallamar mutane har rana ta take, ga ni kuma a bayan gidan wani ina kokawa da ƙasa. Wallahi na gaji, kuma ba yau na fara gajiyar ba.

Arvo Lahti maƙwabcinmu ne tun ranar da muka tare a layin nan ni da mijina Vern, shekara talatin da wani abu. A tashar jiragen ruwa ta bakin tafkin garinmu ya yi aiki, inda ake loda dutsen ƙarfe, ya yi ritaya da kunne ɗaya mai ji da baki mai kaifi. Matarsa Aili ita ce mai lambu. Lambun fure kuwa a garinmu wahala ce tsagwaronta, don bareyi sun gama raina mu. Da rana tsaka barewa za ta tsallako shinge ta cinye furen da ka yi wata kana lallaɓawa, tana kallonka ta taga tana tauna. Abu ɗaya ne ba sa kusanta, albasar ado. Ba a cin ta, ba a sa ta a miya. Tana kwance a ƙasa duk tsawon sanyi, sai watan Yuni ta fito da dogon kara har ƙirjin mutum, a kansa ƙwallon fure shunayya, zagaye cif. Daga kicin ɗina kawunan kawai nake hangowa ta saman shinge, suna kaɗawa in iskar tafki ta taso.

Da Aili ta rasu, Arvo da ko bututun ban-ruwa bai taɓa riƙewa ba ya gaji albasar har da dokokinta, kuma babu wanda bai karanta wa su ba a layin. Tsinin kai yana kallon sama. Zurfin rami ya kai tsawon albasar sau uku. Ba a yanke ganye in ya yi rawaya ya kwanta, komai muninsa, don ta nan take tara abincin baɗi. Busassun kawunan a bar su tsaye har ƙanƙara ta kwantar da su. Kuma gindin kowace sai ya soka ɗan jan turke, irin wanda 'yan golf ke ɗora ƙwallo a kai. Shi bai taɓa buga golf ba, tsintar su yake yi a gefen filin in ya fita tattaki, har ya cika gwangwanin kofi. Ya ce in kaka ta yi ganye ya ɓace, babu mai sanin inda albasa take sai turke.

A watan Satumba aka kwantar da shi a asibiti, likitoci suka ce abin da ke huhunsa ya wuce aiki. 'Yarsa Paula ta taso daga Arizona, ita kaɗai ce gare shi. Aka sa gidan a kasuwa. Dillaliyar gidaje ta leƙa baya ta ce wannan dajin ba zai shiga hoto ba. Ranar da aka zo sharar ina wurin aiki. Da na dawo na tarar babu busassun kawuna, babu turaku, babu sandar shanya, babu 'yan bishiyoyin Aili. An baje wurin an shimfiɗa ciyawar nan da ake kawowa a naɗe kamar darduma, kore shar daga shinge zuwa shinge. Abin haushin, wanda ya sayi gidan ko kallon ciyawar bai yi ba. Haya zai ba masu zuwa wasan zamiya a kan ƙanƙara, bayan gidan kuma siminti zai malala masa saboda motoci.

Da aka dawo da Arvo ya ƙarasa kwanakinsa a gida, sai aka sa masa gado a ɗakin cin abinci, gab da tagar baya. Na kai masa romon kaza. Ya daɗe yana kallon ciyawar nan, sannan ya ce, "Suna ƙarƙashi."

"Su wa?"

"Albasar Aili. Ba su tone ba, rufe su kawai suka yi. Ki haƙo su ki kai bayan gidanki kafin ƙasa ta daskare. A Disamba za a miƙa makulli, daga nan sai siminti."

"Arvo, ka dube ni da kyau. Ga Vern a keken guragu, ga aiki, ga gwiwa. Zan je kanti in sayo sabbi cikin raga in shuka, in sa musu sunanta."

"Na kanti ba su san Aili ba."

"Haba, albasa ce fa."

"Ai ni ma ban ce zinariya ce ba." Ya juyo da kansa a kan matashi. "Ni ba gaggawa nake yi ba. In na mutu bayan ƙasa ta rufe, ɗakin dutsen maƙabarta za su ajiye ni har Mayu, yadda suka yi wa Aili. Na iya jira. Su ne ba za su iya ba."

Gaskiyarsa ne, a nan ba a haƙa kabari da sanyi. Na ce masa ni dai ban yi alkawari ba. Washegari ina bayan gidansa riƙe da shebur.

Matsalar, filin faɗi ne da shi, kuma duk abin da mutum zai kama ya yi kwatance an share. Arvo ya ce a zobe suke. Wata shekara, tun kafin mu zo layin, sun saya wa Paula wani ƙaton bahon roba na wasan ruwa, ya zauna wuri guda duk lokacin zafi har ya kashe ciyawar ƙarƙashinsa, sai Aili ta bi bakin tabon ta jera albasa. To ina tabon yake? Ya ce tsakanin sandar shanya da bishiyar nan mai farin ɓawo. Sandar an tuge ta, bishiyar kuwa iska ta kayar da ita tun zamanin da Vern ke tafiya da ƙafarsa. Ni kuma kullum daga gefe nake ganinsu, taron kawuna kawai, ban taɓa lura da wani zobe ba. Waɗanda nake ta hudawa 'yan tsirarun da iri ya watsa ne nan da can. Uwar garken ban same ta ba.

Ina tsaye da bokitin nan Paula ta fito da kofi biyu, ta tsaya a matakala tana kallon ramukan da na yi. Doguwa ce kamar ubanta, ta kai hamsin, idanunta duk sun faɗa.

"Anti Lorna, don Allah ki bari haka. Dillaliya ta kira, wai mai sayen zai sake zuwa duba gidan. Dubi wurin nan kamar an yi yaƙi."

"Ai siminti zai zuba. Rami ma taimakonsa na yi."

"Ba ma wannan ba. Baba ba ya hutawa. Ya ƙi shan maganin rana don kar barci ya ɗauke shi ki yi haƙa ba ya kallo. Kin san irin zafin da yake sha kuwa?"

Ban sani ba. Maganar ta soke ni, ni kuma in abu ya soke ni bakina ba ya da kyau.

"Da ba a tuge turakun ba ai da tuni an gama," na ce.

Ta dangwarar da kofi ɗaya a matakala har ya zube. "Na sani! Kina tsammani ban sani ba ne? Busassun kara na gani da wasu jajayen tsinke. Aka ce a share, na ce a share. Yana asibiti da bututu a hanci, wurin aikina suna ta kira, ni kaɗai, ba wa ba ƙane. Kullum sai ya kalli tagar nan, sannan ya kalle ni. Da ma zagina yake yi, wallahi da ya fi mini sauƙi."

Ta zauna ta rufe fuska. Na san ta tun tana 'yar sakandare tana satar fita ta tagar sama. Na zauna gefenta. Na sha rabin kofin da bai zube ba, na miƙa mata sauran. Babu wadda ta ba wata haƙuri. Muka zauna kawai muna kallon ciyawar banza.

"Ba ki tuna inda bahon yake ba?" na ce.

"Shekarata biyar fa lokacin. Na tuna dai shuɗi ne, da zanen kifi a gindinsa."

Na shiga da takalmin laka na tsaya a kan Arvo. Na ce in bai sha maganin nan ba, na ajiye shebur ke nan.

"Azzaluma," ya ce. "Vern yana shan fama."

"Buɗe baki."

Ya buɗe. Tun daga ranar aka daina ƙwanƙwasa taga. Maganin ya ɗauke masa zafin, ya ɗauke shi tare. In ya farka sai ya kira ni Aili, ya ce kar in bar kowa ya yanke ganyen. Cokalin ya faɗi ƙarƙashin gado babu wanda ya ɗauko. Ni kuma na ci gaba da haƙa ni kaɗai bayan na tashi daga aiki, ina tone nan ina mayarwa, ina tone can. Abin da ban zata ba, na yi kewar faɗan. Ko wari ya taso babu mai cewa na sare ta.

A kanti abokiyar aikina ta tambaye ni ko miyar albasa nake ci safe da rana. Rediyo kuma ya fara cewa sanyi na gangarowa daga Kanada, kafin ƙarshen mako ƙasa za ta rufe. Ranar Alhamis na durƙusa zan ɗauki safar hannu, na kasa tashi, sai da na rarrafa na kama shinge. Na zauna a nan na yi kuka, kukan haushi, ni da girmana. Sannan na wanke shebur na mayar garejin Arvo.

Na tarar da idonsa biyu, kuma ya gane ni.

"Arvo, na kasa. Na tone rabin filin nan ban same su ba."

"To," ya ce. "Kin yi ƙoƙari. Na gode, Lorna."

Wannan ne karo na farko da mutumin nan ya gode mini tun da muka zama maƙwabta, kuma ko kaɗan ban ji daɗinsa ba. Na koma gida na gaya wa Vern. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi kalma biyu ce ta rage masa, "to" da "kai". Ya kalle ni ya ce, "Kai."

Ranar Juma'a da safe ina sa masa safa, na ji ana ƙwala mini kira daga gidan Arvo. Na bar Vern da safa ɗaya na fita da silifas. Paula ce ta leƙo ta tagar sama, ta ɗakinta na da, sanye da tsohon kwat ɗin ubanta.

"Kar ki taka ciyawar! Tsaya nan bakin shinge!"

"Ya tafi ne?"

"A'a! Zoben ne, Anti, ga shi nan ina ganinsa!"

Raɓa ta daskare cikin dare, filin ya yi fari fat. Daga inda nake tsaye fari kawai nake gani. Ashe wurin da aka shekara da shekaru ana sassauta ƙasarsa ya ɗan lotsa a ƙarƙashin ciyawar, farin ya fi taruwa a nan. Paula ta hau sama ne ta tattara tsofaffin kayanta, ta ɗaga labule, sai ga shi.

"Daga nan nake ganinsu duk Yuni," ta ce. "Na manta, wallahi na manta. Yi sauri, rana na tahowa!"

Gaskiya ne, haske ya riga ya taɓa rufin gareji. Na shiga na ɗauko gwangwanin turakun Arvo a kan kanta, na fito ina ɗingishi.

"Gaba. Gaba dai. Can wajen gareji."

"Nan? Ai ya yi nisa da inda ya ce."

"Baba ya yi kuskure. Ƙara kaɗan. Dama."

"Damarki ko damata?"

"Taki! Nan, soka!"

"Ke ma halin ubanki ne da ke sak."

Haka na riƙa tafiya a sunkuye, tana faɗa daga sama ina sokawa, silifas ɗina sun jiƙe, yatsuna ba na jin su. Rana tana bin bayana tana lashe farin. Ina soka na ƙarshe ta iso ƙafafuna, sai filin ya koma kore kamar ba a yi komai ba. Jajayen turaku kawai suka rage a zagaye, can gefe, wurin da ko sau ɗaya ban sa shebur ba.

Na kira kanti na ce yau kar su jira ni. Na ƙarasa sa wa Vern safarsa, na ba shi abin kari, na tura kujerarsa gaban tagar kicin. Sannan muka naɗe ciyawar ni da Paula. Na riƙa sa shebur ta wajen turakun, tazarar tafin hannu, in danna a hankali in ɗaga, ita kuma tana durƙushe tana lalube da hannu tsura. Sai ga su suna fitowa curi-curi, manya da ƙanana manne da juna, da busasshiyar fatarsu mai ƙas-ƙas. Paula tana ɗaga kowane curi tana dariya hanci na zuba. Muka kusa cika baro. Sai can na lura da abin da ya fi komai, ƙamshin danyar ƙasa kawai nake ji, babu warin albasa.

Da hantsi nas mai zuwa gida ta iso. Ba ta jima a ciki ba ta fito matakala, ta tsaya har muka ɗago.

"Paula," ta ce, "in kuna da abin da za ku gaya masa, ku shigo yanzu."

Muka shiga da lakarmu. Numfashinsa ya sauya, ya ja, ya daɗe, ya sake ja. Idanunsa a rufe, bakinsa a buɗe, ya ƙanƙance cikin bargon. Paula ta zo da albasar da ta fi girma, ta goge ta a jikin kwat, ta buɗe tafin hannunsa ta kwantar da ita.

"Baba, mun same su. Zoben Mama. Dukkansu suna nan."

Bai motsa ba.

"Ka shaƙa, tsoho," na ce. "Babu wari. Ko ɗaya ban sare ba. In kana da abin cewa ka ce."

Na ce a raina mun makara. Sai babban yatsansa ya motsa. Ya riƙa shafa albasar a hankali, ya bi ta gindi inda saiwa take, ya zagayo, har ya sami tsinin. Da ƙyar, da taimakon sauran yatsun, ya juya ta har kanta ya kalli sama. Leɓensa ya yi motsi, Paula ta kai kunne.

"Me ya ce?"

"Wai uku."

"Na sani," na ce masa. "Tsawonta sau uku. Ka cika mini kunne da shi tun ina da baƙin gashi."

Bayan rana ta take kaɗan ya ja numfashin da bai sake ba. Paula tana riƙe da ɗaya hannun. Nas ta duba agogo, ta rufe masa baki da tausasawa. Ni na sunkuya na zaro cokalin daga ƙarƙashin gado na ɗora a kan taga, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Da masu ɗaukar gawa suka zo, albasar tana nan a hannunsa, tsaye.

"A bar masa ita," in ji Paula. "Ya tafi da ita."

"A'a," na ce. "Zurfin zai yi mata yawa. Ba zai yafe mana ba."

Ta kalle ni kamar za ta yi fushi, sai dariya ta ƙwace mata, dariyar ta koma kuka. Ita da kanta ta buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya ta karɓa, ta sa a aljihun kwat.

Kafin la'asar matan coci sun fara sauka da kwanonin dankali da nama a naɗe cikin tawul. Ina jin ƙofofin motocinsu daga bayan gidana, inda na turo baron. Iska ta juya, sama ta yi toka. Na san wasu sun leƙo sun ga Lorna tana haƙa lambu ranar da maƙwabcinta ya mutu, kuma na san abin da za su faɗa a mota. Oho. Ba a jima ba Paula ta baro su da kwanoninsu ta ɓullo ta ƙofar shinge.

"A jere za ki sa su?"

"A jere ya fi sauƙi."

"Anti."

"To, na ji. Ɗauko igiyar shanyata."

Muka kafa sanda a tsakiya, muka ja igiya muka zana zobe. Saman ƙasar ya riga ya yi ɓawo, sai na hau shebur da duka nauyina yake fasawa, amma ƙarƙashi da sauran laushi. Ina haƙa tana aunawa da albasar, ɗaya, biyu, uku, ta zuba ɗan tsakuwa a gindi don kar ruwa ya kwanta, ta zaunar, ta rufe, ta soka turke. Bayana kamar zai ɓalle. Can na karɓi sakawar don ta ɗumama yatsunta a hammata, sai na ji ana buga gilashi. Har na ɗauka Arvo ne. Na waiga, Vern ne yake dukan tagar kicin da hannunsa mai lafiya, yana nuna ramin gabana da haɓa. Na duba, ashe na kwantar da wata a kaikaice.

"Kai," ya ce ta cikin gilashi.

"Kai ma?" na ce. Na gyara ta.

Haske na ƙarewa muka rufe zoben. Paula ta cire sandar tsakiya, ta faɗaɗa ramin da hannu, ta ciro ta aljihunta ta zaunar a ciki.

Washegari ƙasa ta zama ƙarfe. Na gwada da dunduniya, ko alama. Ranar Talata aka yi masa addu'a a coci, aka sha kofi da burodi a ɗakin ƙasa, sannan muka bi motar zuwa maƙabarta. Ba a je wajen kaburbura ba. Aka shigar da akwatin ɗakin dutsen nan na bakin ƙofa, mai gadi ya ja ƙyaure ya murɗa makulli, ya cire hula ya ce, "Sai Mayu." A mota Paula ta ce albasa ta riga shi shiga ƙasa. Na ce ai haka ya so.

Paula ta mayar da ciyawar yadda take, ta kwashe gidan, ta miƙa makulli. Ranar da za ta tafi ta kawo mini shebur mai yatsu da gwangwanin kofi. Ta ce za ta dawo a Mayu, kuma in wurin aiki sun bari za ta zauna har Yuni. Na ce akwai gado a ɗakin sama, amma ba na dafa wa kowa abin kari sai Vern.

Yau da safe ina wanke kofinsa a bakin taga dusar ƙanƙara ta fara sauka. Tagar Arvo babu labule, babu kowa. Wata barewa ta shigo ta lungu, ta tsaya a gefen zoben, ta kai hanci ƙasa, ta ɗago, ta wuce abinta. Na tsaya da kofin a hannu ruwa na zuba. Farin ya hau turakun har wuya, jajayen kawunansu kawai suka rage a zagaye, da guda ɗaya a tsakiya.